Jan Farce a Kan Noti

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da aiki, da ƙafar. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu a tsaye kake cin abinci. Na koma takarda ne saboda wayarka tana da wata irin cuta: lambar gida kaɗai ba ta ji.

Baba ya fito da babur ɗinka. Shekara shida yana ɗakin ajiya a ƙarƙashin tsohuwar katifa, tun ranar da aka kawo shi a bayan mota, kai kuma aka wuce da kai asibiti. Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da shi a tsakiyar falo, an ɗora cikinsa a kan akwatin katako, tayar baya tana jingine da talabijin. Mama tana kujerarta ta naɗe ƙafafu, tana kallonsa kamar baƙon da bai faɗi ranar tafiya ba.

Ya ce zai canza boris ɗin baya duka, wato 'yan ƙarafan da gaɓoɓi ke juyawa a kansu: na hannun ƙarfen da ke riƙe taya, da na 'yan gaɓoɓin da ke haɗa shi da shoka. Na ce, "Baba, wa zai hau?" Ya ce, "Farfesa, miƙo sifana sha huɗu." Haka aka ɗauke ni aiki. Digiri biyu a lissafi, ga ni ina riƙe tocila.

Idonsa ya ƙara raguwa. Ba ya iya karanta lambar sifana, da yatsa yake gane su, kuma bai taɓa kuskure ba. Ni da ke gani na yi sau uku.

Kai ma ka san ba gyara ne ya dame shi ba. Shi ya sa wa babur ɗin nan boris sati biyu kafin ka faɗi, kai kuma ka ce baya ne ya ƙage maka a kwanar hanya. Tun daga nan ya rufe gareji, bai ƙara taɓa babur ɗin kowa ba. Yanzu yana so ya buɗe ya san abin da hannunsa ya yi maka, kafin idon ya ƙarasa tafiya. Ba ya zama wuri ɗaya. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya babur ɗin, ya sake zama. Mu ma ya hana mu zama.

Na ga ya kamata ka sani, tunda ƙafarka ce.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Ina gaida Mama da Baba. Ƙafa da sauƙi, sai in an yi sanyi.

Ki hana shi. Mutum mai hawan jini ba shi da abin yi da durƙuso a gaban babur. Abin da ya faru ya faru, ni ban taɓa cewa laifin wani ba ne. Ki nemo masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauke shi, ko kyauta ne. In ke ba za ki iya faɗa masa ba, ki sa Mama.

Kuma ki rage wannan ba'ar taki, ba komai ne abin dariya ba.

Allah ya bar zumunci.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na isar da umarninka. Mama ta ce shekara arba'in ba ta hana shi komai ba, ba za ta fara da babur ba. Baba kuwa cewa ya yi, "Ya rubuto?" Na ce e. Ya ce, "Da hannunsa?" Sai ya koma kan aikinsa. Gaskiya ne ba ka taɓa cewa laifinsa ba ne. Ba ka kuma taɓa cewa ba laifinsa ba ne. Na duba takardar sau biyu ko na tsallake layi.

Mun gama da hannun baya. In ba ka labari, tunda ni ma yanzu ina da ra'ayi a kan giris. Tsofaffin boris ɗin sun ci tsatsa, da ƙyar suka fita. 'Yan alluran ƙarfen da ke ciki suka zube a kan tabarma, na bi su da maganaɗisu har ƙarƙashin kujera. Sababbin kuwa a firiza suka kwana, wai sanyi yana sa ƙarfe ya ɗan tsuke. Mama ta buɗe za ta ɗauki nama ta ci karo da su. Ta rufe ƙofar da ƙarfin da na ji daga banɗaki. Shi kuma hannun an ɗumama shi da na'urar busar da gashina, wadda ba na jin za ta koma aikinta na asali.

Ba a buga guduma. Doguwar sanda mai zare ake zurawa, a sa noti gefe da gefe, a riƙa ɗaurewa a hankali har boris ya shige daidai, ɓangaren rubutu yana kallon waje. Ni ke juya sifana, shi yana dafe da yatsa a baki yana cewa, "Ƙara. Ƙara. Tsaya, Farfesa, ba tulu kike rufewa ba."

Ka tuna jan farcen Mama da ke ɓata a gidan nan muna yara, har aka riƙa zargina? Baba ne. Duk notin da ya ɗaure, sai ya ja layi ɗaya da jan farce daga kan notin zuwa jikin ƙarfe. Layin shi ne sa hannunsa. In noti ya motsa daga baya, layin zai rabu biyu. Mama ta miƙa masa sabuwar kwalba jiya, ta ce gara ta bayar da a sace.

Saura ƙarfe mai kusurwa uku, wanda ke haɗa hannun da shoka. Ya cire shi ɗungurungum ba tare da ya kwance notinsa ɗaya ba, ya sa a faranti ya rufe da tsumma. Gaɓar a ƙage take, ko motsi ba ta yi. Kwana uku ke nan yana zagaya farantin. Ya ɗaga tsumma, ya mayar. Ya ce min amsa biyu ce. In layin ya koma baya, notin ne ya kwance, bai ɗaure da kyau ba ke nan. In layin yana nan daidai, to a ciki ya yi ɓarnar. Na ce, "Baba, duka biyun ai kai ne." Ya ce, "To da wa?"

Ni zan duba masa, tunda shi ba ya ganin ja a kan baƙi.

Sai na ji daga gare ka.
Ƙanwarka, mai warin kananzir

*

Auta,

Salam. A gurguje nake rubutu, daga ofis.

Na sa an nemo sabon ƙarfen gaba ɗayansa, da boris ɗinsa a ciki, zai iso muku cikin sati. Ku ɗaura shi kawai. Tsohon ki jefar, babu abin da za a gani a jikinsa sai ɓacin rai. In ya dage sai ya duba, ki fara wanke shi da fetur, ki goge notin tsakiyar da burushin ƙarfe sosai, saboda datti.

Ba na barci sosai kwanakin nan, aiki ya yi yawa. Ki gaida su.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode da kulawarka ga tsabtar noti.

Ban faɗa maka cewa notin tsakiya ne ba. Na ajiye kwafin takardata, ka san halina. Cewa na yi notinsa ɗaya.

Ban goge ba. Da safe, kafin in tafi aiki, na ɗauki farantin na kai bakin taga. Baba yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa a wuyana. Na share ƙurar da gefen tsumma. Jan farcen yana nan, ya dushe amma yana nan. Layin ya rabu. Sai dai ba baya ya koma ba, gaba ya wuce, kusan rubu'in zagaye. Kusurwoyin notin kuma sun ɗan murje, kamar an kama su da sifanar da ta yi musu yawa.

Sati biyu kawai na yi a wannan sana'a, amma na san noti yana iya kwance kansa. Ban ji wanda ya taɓa ɗaure kansa ba. Baba ya tanadi amsa biyu, duka nasa. Bai tanadi ta uku ba.

Ya ce, "Farfesa, layin ya haɗu?"

Na ce hasken bai isa ba. Ƙarfe takwas na safe, Yaya, rana tana dukan fuskata. Ya karɓi ƙarfen daga hannuna, ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya mayar faranti ya rufe. Ya ce, "Gobe ma rana ce."

A ofis na kasa haɗa lissafin da ɗan aji uku zai haɗa. Na yi ta tuna ranar da ya rufe gareji, yadda ya raba wa abokan sana'a kayan aikinsa, ya bar akwati ɗaya kawai. Na tuna kuma yadda yake tashi ya bar falo duk lokacin da ka zo, don kada ya ga tafiyarka. Kai ma sai ka daina zuwa, muka ce ai kunya ce irin ta maza.

Ban iya yi masa ƙarya sau biyu ba. Ta farkon ma ba ta yi kyau ba. Ka faɗa min abin da nake kallo.

Ƙanwarka

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na fara takardar nan sau huɗu.

Ni ne. Kwana biyu kafin in faɗi na kai babur ɗin wurin wanki, suka buga masa ruwan inji mai ƙarfi. Da na dawo sai baya ya fara ƙara. Baba ya sha gaya min kada a sa masa ruwan inji, ya kuma ce kada in taɓa notin da ya ja wa layi. Na ji kunyar komawa wurinsa. Na bari ya fita, na ɗauki sifana a akwatinsa na kwance na tsakiyar, na cusa giris. Wani siririn zobe ya faɗo, ban gane inda yake ba, na sa a aljihu. Na ɗaure, na ga yana ɗan wasa, sai na sa bututu a sifanar na ƙara ɗaurewa. Ƙarar ta daina. Har daɗi na ji.

Da na farfaɗo a asibiti, kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya kama hannuna ya ce, "Aikina ne, ka yafe min." Na ce zan faɗa masa in an sallame ni. Da aka sallame ni na ce sai na fara takawa. Da na fara takawa ya riga ya rufe gareji, abin ya fi ƙarfin bakina.

Zoben yana wurina, a aljihun jakar takarduna. Na canza jaka sau uku.

Ki karanta masa wannan. Ke kin iya magana, ni ban iya ba. Ki gaya wa Mama ma.

Ki yafe min ke ma.
Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ban karanta masa ba. An ɗauke ni riƙe tocila ne, ba karanta wasiƙa ba.

Abin da na ce masa shi ne, idona bai ƙware ba, kai za ka zo ka duba layin. Sai ya jawo akwati, ya laluba, ya fito da sifana ɗaya ya ajiye a gefen farantin. Ya ce, "Ki ce masa sha bakwai ne. Wancan karon sha takwas ya ɗauka."

Daga nan ya zauna. Tun da aka shigo da babur ɗin nan ban ga ya zauna haka ba, har gyangyaɗi ya yi.

Mama ta ce tana son falonta kafin ƙarshen wata. Motar safe ta Asabar ba ta cika cika ba. Ka taho da zoben.

Allah ya kawo ka lafiya.
Auta