Cibiyoyin Unguwar Masunta

Zuwa ga Yaya Kalunde,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Ki riƙa gasa mata da ruwan ɗumi. Ni lafiyata ƙalau, abinci ne dai ba ya shiga.

Kin ji an zaɓe ni shugaban majalisar garin nan, bayan shekara goma sha tara ina likitansu. Kada ku yi murna tukuna. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta kashe mutum tara a unguwar masunta, kuma ni na ce a tashi mutanen unguwar, a ƙone gidajen. Ranar Litinin zan sa hannu a takardar umarnin.

Jiya wata tsohuwa, Bi Mwanaidi, ta tare ni a kasuwa. Ta ce, "Likita, jikokina shida da hannunka ka yanke musu cibiya. Cibiyoyin suna binne a tsakar gidana. Wa zan bar wa su?" Ina da gaskiya, Yaya, amma na kasa kallon idonta.

Ki aiko mini da zumar garin Tabora. Ki kuma tambayi Mama ko a gindin mangwaron nan na gidanmu aka binne tawa cibiyar. In nan ne, kada kowa ya sare shi.

Ƙaninki,
Masanja