'Yan Tsakin Inna

Jibiya, Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Zunnuraini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Sakinatu, da fatan jego yana tafiya daidai. Allah ya raya mana Ummi, ya sa ta gaji halin mai sunanta, ya jiƙan Inna da rahama. Mu nan muna lafiya, sai sanyi da ya zo bana kamar an aiko shi. Baba yana nan da ƙafarsa, yau ta yi sauƙi gobe ta motsa. Husaina ta zo daga Bugaje ta yi mana mako guda, ta cinye mana ƙuli-ƙuli ta koma.

Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka a waya, ba ka bari mutum ya kai ƙarshen zance. Maganar kajin Inna ce, kuma ba mai daɗi ba ce, sai ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Ka san al'adar Inna. Tun kazar nan wake-wake da ta zo da ita daga Maraɗi ranar da aka kawo ta gidan Baba, ba ta taɓa bari irin ya yanke ba, kuma duk jikan da aka haifa sai ta ware masa sagara daga ciki. Ummi ce kaɗai ta zo bayan ba ta. Da ciwon kaji ya bi unguwa bayan kaka, uwa ɗaya ta rage mana. Ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe tara, sannan ita ma ta bi sauran. Marayun nan su ne ka ce a kunna wa ƙwan fitila daga solar da ka aiko. Ɗanladi mai gyaran lantarki ya ja waya daga batir zuwa akurki, ya ja mana kunne cewa da zarar rana ta yi sanyi kada a ƙara jona komai, don abin da batir ya tara da rana shi zai ɗumama su har safe. Abin ya yi kyau ƙwarai. Suna taruwa ƙarƙashin ƙwan kamar ƙarƙashin uwa, Baba ya ɗauko kujera ya zauna yana kallonsu, shi da a da ko tsaba bai taɓa watsa wa kaza ba.

To ka san tun da aka rufe iyaka direbobin Nijar suke jibge a bakin hanya da motocinsu, ga wuta ba a kawowa. Ranar Talata da la'asar sakaliya wani direba mai suna Habibu, mutumin Maraɗi, ya yi sallama a zaure da waya a mace a hannunsa. Ya ce an aiko masa tun safe tsohuwarsa tana kwance rai a hannun Allah, yana son ya ji muryarta. Baba ya tashi ya jona masa. Kafin magariba labari ya kai tasha, zaure ya cika, kowa da wayarsa da uzurinsa. Ni ina gidan Zuwaira wajen barka, ban san wainar da ake toyawa ba. Da na dawo na tarar da ƙwan yana ci, na leƙa na ga suna barci, na shige ɗaki.

Da asuba na fito alwala na ga akurki baƙi ƙirin. Zunnuraini, takwas na kwasa a sandare, sun cure wuri guda a ƙarƙashin ƙwan da ya mutu. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar bakwai ɗin Inna. Ka san bakina ba ya da linzami, kuma wallahi na taso da maganganu cike da shi. Sai na iske Baba a kan buzunsa, ya sa na taran a cikin hularsa yana hura masa numfashi.

Shi ya fara magana. Ya ce ya san abin da Ɗanladi ya faɗa, bai manta ba. Amma da ya ga yaron nan riƙe da matacciyar waya, kai ya gani. Ya tuna ranar da uwarmu take ta kiran sunanka, kai kana can Fatakwal kana ta bugowa, wayar gidan nan ba caji, aka zagaya unguwa ba a samu ba har Inna ta cika. Ya ce bayan ya jona wa ɗaya, da wane ido zai kalli sauran, baƙonka Annabinka. Na haɗiye abin da na zo da shi, na je na ɗora ruwan zafi.

Habibu ya dawo ranar Alhamis idonsa jawur. Tsohuwar ta rasu daren Laraba, amma sun yi magana, ta yafe masa, ta sa masa albarka. Ya durƙusa gaban Baba ya kasa tashi. Ba mu gaya masa zancen 'yan tsaki ba, kuma ba za mu gaya masa ba.

Ɗayan nan yana raye. Yanzu jarka baƙa nake cikawa da ruwa in shanya a rana, da yamma in naɗe ta da tsumma in sa a akurki, ko da ƙwan zai sake mutuwa. Da rana kuwa yana aljihun Baba, har masallaci sai da na hana shi zuwa da shi. Ba mu san ko sagara ce ko zakara ba tukuna. In zakara ne, irin Inna ya tsaya ke nan a hannunmu, kuma wannan shi ne abin da yake hana ni barci. Kowanne ne dai, na Ummi ne.

Abin da nake roƙonka, in ka bugo kada ka yi wa Baba faɗan batir, kada ma ka tambayi yawansu. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Shi ya ce in rubuta maka cewa ya san ba don kaji ka sayi solar nan ba, kuma ta yi aikin da ka saye ta dominsa, sai dai a kan ɗan wani.

Ka gaishe da Sakinatu da kyau, ka shafa mini kan Ummi. Baba yana sa muku albarka. Husaina da Zuwaira da Kawu Hamza na Farfaru duk suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Hasiya.