Motar Baba Ce ta Huɗu

Salina, Kansas
8 ga Yuli, 1994

Ƙanwata Marlys,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ko da yake ban san yadda 'yar sandar da ta sa wa ubanta ankwa take samun barci ba. Tunda kin ƙi ɗaukar waya, ga takarda.

Lauyan Baba ya yi mini bayani. Tsarin mulki bai yarda ɗan sanda ya tare mutum don kawai ya san shi ba. Shi ya sa a shingenku na kama masu tuƙi cikin maye aka ce kowace mota ta biyar za ku tsayar, babu zaɓe. Motar Baba ce ta huɗu, amma kika fito kika ɗaga masa hannu. Baba ya ce da ni, "Twila, na ɗauka gaishe ni za ta yi. Har na sauke gilas ina washe baki."

Don kwalbar giya biyu a wajen gashin nama ranar bikin 'yancin ƙasa za a raba tsoho da lasinsa? Wa zai riƙa kai 'yata Dessa kamun kifi ranar Asabar, ke? Ranar shari'a ki faɗi gaskiya, a kori ƙarar.

Yayarki,
Twila

Abilene
15 ga Yuli

Yaya Twila,

Bayan gaisuwa da fatan ke da Dessa kuna lafiya.

Ba kwalba biyu ba ce. Da ya hura na'urar gwajin giya, ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Amma lauyan bai yi ƙarya ba. Motar ba ta karkace ba, bai yi gudu ba, ya daɗe da iya riƙe sitiyari cikin maye. Abin da ya sa na tare shi sanin 'ya ne, ba na 'yar sanda ba.

Sajan ɗinmu ya ja ni gefe ya ce, "Wa ya ƙirga ban da ke? Ki ce ta biyar ce, a karɓe lasin, kowa ya huta." In na faɗi haka, Dessa ba za ta ƙara shiga motarsa ba. Sai dai na san abokan aikin da in aka bar su su zaɓa, launin fata za su duba. Dokar nan don su aka yi ta, ga shi ni ta kama.

Tsoro nake ji, Yaya. Ban yanke shawara ba.

Taki,
Marlys

Abilene
2 ga Agusta

Yaya Twila,

Ina gaisuwa. Na rantse a gaban kotu, na ce ta huɗu ce. Alƙaliya ta ce tarewar ta saɓa wa tsarin mulki, don haka sakamakon na'urar bai da amfani. An mayar masa da lasinsa, ni kuma an dakatar da ni sai an gama bincike.

A bakin kotu ya wuce ni, ya ce, "Sannu da aiki, ofisa." Kin samu abin da kika nema. Ba ni da sauran abin da zan iya yi.

Taki,
Marlys

Salina
7 ga Agusta

Marlys,

Jiya da safe Baba ya zo ɗaukar Dessa. Ya yi aski, ya sa rigar kirki. Na matsa kusa da shi kamar zan gyara masa kwala, ban ji warin komai ba.

Na ce, "Ba za ta je ba, Baba."

Ya ce, "Kotu ta wanke ni. Ke mece ce hujjarki?"

Na ce ba ni da ita. Ya juya ya tafi. Dessa tana ɗaki, ta ƙi yi mini magana.

Don Allah ki ɗauki waya.

Yayarki,
Twila