Ranar da Ƙwan Majigi Ya Ƙone

Dhaka, Fabrairu 1984

Zuwa ga aminiyata Nahar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya gwiwar mahaifiyarki, Amma? Ki ce mata Dilruba ta ce ta bar hawa bene, ba tsere ake yi ba.

Wasiƙata ta baya kuka ce zalla, wannan kuwa godiya ce. Kin san halin da mijina, Baban Shiuli, ya shiga. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana taswira a ofishin safiyo, yana cika baki zai ja layin da ya fi gashi siranta, shi ne likita ya ce wa hawan jinin ido ne, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Tun ranar ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya. Ba masallaci, ba shagon shayi. In na kai masa shinkafa da kifi, loma biyu ya ture kwano. Ina ji ina gani mijina yana narkewa kamar gishiri a ruwa.

Sai ga ƙaninki Tofazzal ya faɗo mana da gashin nan nasa da ya yi hannun riga da aski. Ashe ke kika turo shi, munafuka, ba ki gaya mini ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Dulabhai, mijin yaya, an ce ka zama kayan ɗaki. Na zo in ga ko za ka yi kuɗi a gwanjo. Tashi, ƙungiyarmu na nuna fim."

Ya ce, "Makaho za ka kai kallo? Kai ma naka idon ya tafi ne?"

Tofazzal ya ce, "Ai fim ɗin ma rabinsa duhu ne, kun dace da juna."

Ban san ko zuciya ce ta tashe shi ba, amma ya nemi takalmi. Muka hau rikisho, keken hayan nan, zuwa zauren wani ɗakin karatu, inda suke rataya farin ƙyalle duk Alhamis bayan azahar, ƙaninki na tuƙa majigi. Tsohon fim ne na Amurka, baƙi da fari. Wani mutum mai malafa da doguwar kwat, ba ɗan sanda ba, haya ake ɗaukarsa ya tono asirin mutane. Ofishinsa ko shara ba a yi, taba ba ta barin bakinsa. Na ce a raina wannan ko gadin gida ba zan ba shi ba.

Ana cikin haka sai na ji an damƙe mini hannu har awarwarona ya shige mini fata. Mijina ya ce, "Dilu, ina ganinsa. Ga malafarsa can, ga fitilar titi." Nahar, kuka na yi, ban ga sauran fim ɗin ba. Daga baya ya bayyana mini cewa duk wani abu mai launi ya dame masa ya koma kamar ruwan wanke shinkafa, amma a ƙyallen nan fari fari ne, baƙi baƙi ne. Da muka dawo ya cinye abincinsa har ya ce gishiri bai ji ba. Ban taɓa jin daɗin ƙorafi irin na ranar ba.

Abu guda ke hana ni sakewa. Likita ya ce ɗan abin da ya rage ma tafiya zai yi. Ranar da ƙyallen nan ya yi masa duhu ɗaki zai koma, kuma ba na jin akwai mai sake fito da shi. Ki sa mu a addu'a.

Allah ya saka miki, ya raya miki zuriya.

Taki har kullum,
Dilruba

Dhaka, Yuli 1984

Nahar tawa,

Sallama da gaisuwa irin ta masu kewa. Yaya ruwa a Rajshahi? Mu nan lungunmu ya zama kogi. Kwandon mangwaro ya iso, mun sha har maƙwabta sun san kina da kirki.

Ki yi dariyarki, na yarda: ni da na raina mai malafa, yanzu tun Laraba nake goge sarina, zanen fitata. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka Baban Shiuli ke fassara mini a kunne, har wani farfesa da ke zama gabanmu ya gaji da juyowa ya canza kujera. Finafinan ba su da yawa, aro ƙungiyar ke yi, su ɗin ne dai ke zagayowa. Shi kuwa tun yana saurayi ya kalle su, ya haddace su kamar karatun allo.

Kullum wata mace ce za ta shigo ofis da hawaye, ta ce a nemo mata wani. Ni daga ganin takalminta na san ƙarya take. Na ce wa mijina, "Wannan mutumin naka dai ba ya hankali? Wancan makon ma haka wata ta yi masa." Ya ce, "Ya sani sarai. Ya karɓi aikin ne, shi ke nan." Haka za a bi shi a lungu a lakaɗa masa duka, masu kuɗi su saye 'yan sanda, a ƙarshe ya gano gaskiyar da ba ta amfane shi da komai ba, ya koma ofishinsa shi kaɗai. Da farko haushi abin ya ba ni. Yanzu kuwa na fi yarda da shi a kan jaruman da ke rawa a lambu, don duniyar da na sani ta fi kama da tasa.

Maigida ya yi ƙiba, ya koma masallaci riƙe da kafaɗar maƙwabcinmu. Sai dai shekaranjiya ya tsiyaya shayi a gefen kofi, gabana ya faɗi. Amma ranar Alhamis ya zungure ni ya ce in dubi yadda hayaƙin taba ke hawa cikin hasken taga, na duba, haka ne kuwa. Na sauke ajiyar zuciya, na ce da saura.

Ki shafa mini kan auta.

Taki,
Dilruba

Dhaka, Nuwamba 1984

Aminiyata Nahar,

Assalamu alaikum. Ina fata sanyi ya same ku lafiya, mahaifiyarki kuma ta ji sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Alhamis ɗin da ta wuce muna tsakiyar fim, mai malafa ya fara hawa wani tsohon bene, sai ƙwan majigi ya ƙone. Ƙyalle ya yi baƙi ƙirin. Ashe muryar ba a ƙwan nan take ba, sai ta ci gaba abinta, ana jin takun takalmi da kiɗa. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, kowa na jiran hoto ya dawo. A cikin shirun nan mijina ya sunkuyo, da muryarsa ta kullum, ya ce, "Dubi yadda inuwar ƙarfen benen nan ta yayyanka masa fuska. Kin gani?"

Nahar, babu komai a ƙyallen. Ko tafin hannuna ba na gani.

Sai mutane suka fara kiran Tofazzal, wani na cewa a kunna fitila. Mijina ya ji su. Ya gane, ya kuma san na gane. Muka fito muka hau rikisho, muka wuce masu suya a bakin titi. Can na daure na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun farkon damina."

Na ce, "Wato duk watannin nan ƙarya kake shirga mini? Hayaƙin taba, hasken taga?"

Ya ce, "To ba su nan ne? Na taɓa nuna miki abin da babu, in ba yau ba?" Sannan ya ce, "Na san ki, Dilu. Da na faɗa, tausayi zai kama ki, ki ce ina amfanin jan makaho zuwa kallo, ki shimfiɗa mini katifa. Ni kuwa na gaji da ɗakin nan. Shi kansa mutumin lalube yake yi a duhu daga farko har ƙarshe, ana yi masa ƙarya, ana dukansa, ya tashi ya karkaɗe riga ya ci gaba. Ni da ko marina ba a yi ba?"

 Ranar da na kwana ina tsoro, na tashi ina tsoro, ashe ta zo ta wuce tun ana shan mangwaronki, mutumin kuma yana nan kusa da ni yana tambaya ko akwai sauran kifi a gida. Na yi kuka a kan rikisho har mai tuƙi ya waiwayo ya ce ko rasuwa aka yi. Maigida ya ce, "A'a, fim ne ya katse mata."

Ban san da wane baki zan gode muku ba, ke da ƙaninki. Ki gaya masa ya sayi ƙwai mai kyau, don jibi muna hanya. Mun raba aiki: shi da magana, ni da hoto. Ya riga ya gargaɗe ni cewa in na faɗi ba daidai ba zai sani.

Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki da ba ta da kamarki,
Dilruba