Ana Kuka Ana Ci

Umma,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kina cikin rahama, ya yalwata miki makwanci. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba, ba kuma wanda zai karanta miki ita. Amma tun bayan Babbar Sallah tambayoyi suka taru mini, na duba gidan nan kaf, babu mai amsarsu sai ke.

Bari in fara da labarin gida, tunda ba ki son a tsallake gaisuwa. Baba lafiya lau, yana nan yana zuwa kasuwar shanu, sai dai gwiwa ta fara yi masa gardama. Kaka ta dawo daga Maiduguri da turaren wuta da ƙorafin zafi. Ni kuma na haihu, Umma. Mace ce, ta ci sunanki, muna ce mata Ummi. A ɗakinki na yi wankan jego a nan unguwar Yerimaram. Na yi arba'in dab da Sallah, Baba ya ce in tsaya in ci nama kafin in koma ɗakina. Shi ya sa abin da zan gaya miki a kan idona aka yi shi.

Maganar autanki ce, Bukar. Kin tuna bidiyon rago?

Yana ɗan shekara huɗu a lokacin. Baba ya kawo ragon layya da wuri, Bukar ya maƙale masa. Ƙosansa na safe tare suke ci, in an neme shi an rasa, yana gindin turke. Ranar Sallah kika tura shi maƙwabta, ya dawo ya tarar da fata a shanye. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Da kika fara suya kika miƙa masa hanta don ya yi shiru. Ya karɓa, hawaye na zuba, yana cewa shi ba zai ci abokinsa ba, yana kuma taunawa. Kika ɗauko waya. Kika sa a shafinki, kika rubuta a ƙasa: "Autana, ana kuka ana ci."

Umma, kin san inda fuskar nan ta kai kuwa? Kina raye wani ya yanko ta daga bidiyon ya mai da ita sitika, irin wadda ake turawa a hira maimakon magana. Har kina cewa ɗanki ya yi suna. Amma bayan rasuwarki abin ya ƙara nisa. Na gan ta a guruf ɗin 'yan ajinmu. Mijina ya gan ta a wajen abokan kasuwancinsa na Kano. Kawu Modu, da yake kai shanu Kudu, ya ce ya gan ta a wayar wani da ba ya jin ko "zo" da Hausa, an rubuta wani abu a ƙasa da yarensu. In ɗan siyasa ya fito yana kukan talauci, fuskar Bukar ake liƙa masa. In mace tana ƙorafin miji ba ta fita ba, ita ake tura mata.

Nakan zauna in yi ta tunani. Wa ya fara yanko ta? Ɗan garin nan ne ko baƙo? Shi wancan mutumin na Kudu, me yake zaton ya sa yaron kuka? A cikin duk masu turawar nan akwai wanda ya san da wani rago?

Bana Bukar ya shiga sha uku. Ranar Sallah Baba ya ce ya girma, ya zo ya riƙe ƙafar rago. 'Ya'yan Kawu sun zo daga Kano. Yana durƙusawa sai ga wayoyi a kansa, ɗaya yana cewa ya daure ya yi kuka a samu kashi na biyu. Manya ma suka yi dariya. Bukar bai ɗago ba. Ya riƙe har aka gama, ya wanke hannu, ya fita. Aka yi azahar ba shi, aka yi la'asar ba shi. Baba ya zaga masallatai da gidajen abokansa. Kaka ta shimfiɗa dadduma a tsakar gida ta ƙi tashi. Sai dab da magariba Goggo Hauwa ta kira daga ƙauyen Mamudo, ta ce ga shi can, ƙafarsa duk ƙura, ya ƙi shiga gida, yana zaune a bakin gona.

Washegari na goya Ummi na hau napep na bi shi. Na ɗauka faɗa zan yi masa. Ban samu bakin yi ba.

Ya ce mini a makaranta babu mai kiransa Bukar, sai "Ana Kuka Ana Ci". Tabon nan na girarsa, na faɗuwa daga kan turmi, da shi ake gane shi, ko sabon ɗalibi ne kafin mako ya zagayo an nuna masa. Ya ce tun da ya shiga sakandare bai ƙara cin nama a gaban bare ba, in an zuba masa sai ya tura wa na kusa da shi. Mu muna gida ɗaya da shi ba mu lura ba. Ya ce ba dariyar ce ta fi ci masa rai ba. Shi da gaske yake son ragon nan, har yau yana tuna warin gashinsa, kuma ita ce mutuwa ta farko da ya sani. Ita ce kuma duniya ta ɗauka tana yi wa munafukai ba'a da ita.

Sai ya tambaye ni ko kin tambaye shi kafin ki sa. Na ce ai yaro ne shi a lokacin. Ya ce to yanzu fa da ya girma, wa zai gaya wa bai yarda ba? Ya ce in ya ji haushinki sai tsoro ya kama shi, kada ya zama ya saɓa wa uwa tana kabari. Abin da ya daɗe yana shaƙe shi ke nan.

Umma, da kina nan me za ki ce masa? Za ki ce wasa ne, kamar yadda Baba ya fara cewa? Ko za ki yi shirun nan naki, ki tashi ki shiga kicin, can anjima ki fito da abin da kika yanke? Na kasa hasashe. Na san ba mugunta kika yi ba. Amma ina so in san abin da ke ranki lokacin da kika danna. Su wa kika hango suna kallo? Ƙawayenki na Fika da 'yan'uwanki na Maiduguri? Ko kin taɓa kawo wa ranki cewa yaron nan wata rana zai yi gashin baki, fuskar kuma ba za ta girma tare da shi ba?

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ni 'yar fari ce, kina jin kunyata. Ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Shafinki cike yake da Bukar, yana rarrafe, yana wanka a baho, yana barci baki buɗe. Ni ko ɗaya babu. Ranar saukata ma hoton allon kika sa, ba ni ba. Na sha shiga banɗaki in yi kuka a kan wannan, ina ganin shi kike so. Yanzu ga ni ina yawo a garin nan ba wanda ya san yadda nake kuka ina ƙarama. Kunyar da na ɗauka rashin so ce, ashe ta rufa mini asiri. Da gangan kika yi, ko al'ada ce kawai ta yi mini rana? In kuma kin san rufewa kariya ce, me ya sa ba ki rufe shi ba?

Da muka dawo gida aka zauna. Kaka ta ce ita dama ta faɗa, kambun baka ne, a zamaninsu ko maƙwabciya ba a buɗe wa fuskar jariri haka kawai. Baba ya ce a yi yadda yaron yake so, a cire bidiyon. Wadda ta ja da baya ni ce. Wayarki tana hannuna, akwai saƙonninki na murya da yawa, amma duk gaisuwa ce da aike. Dariyarki, wadda kike yi har numfashi ya ɗauke miki, a bidiyon nan kaɗai ta rage. Kina dariya hoton yana rawa. Abin da ke ƙona shi, shi nake buɗewa in kewa ta dame ni.

Muka je wajen wani mai gyaran waya a bakin tasha. Ya ce daga shafinki zai iya cirewa, amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ya zama gero a gaban kaji. Bukar ya ce ya ji, a cire na wajenki, don shi ne tushe. Aka cire, har da na wankan baho. Aka kwashe su a memori ɗan mitsitsi kamar farce, aka goge na kan wayar. Na miƙa hannu zan karɓa, shi ma ya miƙa. Ya ce nasa ne. Na duba, na ga gaskiyarsa.

Da izininsa na rubuta a guruf ɗin dangi cewa a daina tura sitikar. Wasu suka ba da haƙuri. Wani ya amsa mini da ita, sannan ya goge. A makaranta ba a daina kiransa da sunan ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma Goggo ta ce ranar sunan jikarta ta gan shi yana cin nama cikin samari.

Ni kuma ga Ummi. Sai yanzu na gane ƙaiƙayin da hannunki yake yi. In ta yi hamma, ji nake kamar in tara garin nan kowa ya gani. Na ɗauki hotuna ba adadi, ban sa ko ɗaya ba. Ƙawayena har sun fara tambaya a kaikaice ko lafiya yarinyar take. Ban san iyakar ba, Umma. Na Sallah da sabon kaya ma laifi ne? Wa ake tambaya, tunda mai fuskar ba ta iya magana ba? Zan iya daurewa har ta iya cewa e ko a'a? Ban sani ba. Dangin babanta dai in suna son ganinta, sai su zo su ɗauke ta.

Makon jiya kewarki ta taso mini, na roƙi Bukar ya ara mini memorin. Ya ce ba yanzu ba. Ƙanena, wanda na goya, ya hana ni jin uwata, na kuma ce masa to. Shekaranjiya sai ga shi a gidana bayan an tashi daga makaranta. Ya karɓi wayata, ya sa memorin da kansa, ya kunna, ya kifa fuskar wayar a kan tabarma. Ba mu ga kowa ba. Muka zauna muna jin ki, kina dariya, mai yana ƙara a kasko, wani ƙaramin yaro yana kuka can ƙasa-ƙasa. Da ya ƙare ya ce ashe haka muryarki take, shi bai taɓa saurara ba, kullum fuskarsa yake kallo. Ya cire abinsa ya sa a aljihu.

Ya ce in na rubuta, in gaya miki ya yafe, ke ma ki yafe masa haushin da ya ji. Na tambaye shi kafin in rubuta duk wannan, ya ce ke kaɗai ya yarda ki sani.

Sai mun zo, Umma. Allah ya haskaka kabarinki.

Taki,
yarinyar nan, Yagana