Taragon da Ya Ƙi Hawa Layin Baba

Zuwa ga ƙanena Warwick,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da matarka Denise da yara, sanyin Kanada kuma bai daskarar muku da ƙashi ba. Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Mu nan Mackay ta Ostireliya sai godiya, an fara yankan rake. Baba dai jiki ya ƙi. Yanzu ko lambu sai na tura shi a keke, likita kuma ya ce kada mu sa rai zai ga yankan baɗi.

Ɗan taragon wasan da ka ƙera wa Baba ya iso lafiya, kuma gaskiya ka yi aiki. Sak irin wanda Baba ke ja lokacin yana tuƙa jirgin ƙasa mai ɗaukar rake a siririn layi: katako ɗaya bayan ɗaya, ƙusoshin tagulla kamar ƙwayar shinkafa, har da tsatsar da ka zana da fenti don ya yi kamar ya sha ruwan sama shekara talatin. Baba ya yi ta juya shi a cinya. Ya ce in taragon nan ya zagaya layin dogon da ya shimfiɗa a lambu sau ɗaya a bayan ɗan jirginsa na wasa, zai kira ka da bakinsa ka dawo gida, abin da ya wuce ya wuce. Ka san shekara goma sha tara bai ambaci sunanka ba.

Ranar Asabar 'yan ƙungiyarsu ta masu ƙananan jiragen ƙasa suka taru. Al'adar ba ta canja ba: mai layi ne ke ɗora sabon tarago da hannunsa, ba wanda zai taɓa shayi sai ya zagayo. Tsoho Merv, aminin Baba, ya zuba ruwa ya kunna wuta, kan jirgi ya fara huci. Baba ya sunkuya da ƙyar ya ɗora. Ƙafafun gefe ɗaya suka hau, na ɗaya gefen suna reto a kan tsakuwa. Merv ya zaro ma'auni ya gwada: milimita arba'in da biyar, layin Baba kuwa talatin da biyu. Ya ce tarago kam ya yi kyau, sai dai na layin wani uban ne. Aka kwashe da dariya, ban da Baba. Merv ya ga ya yi ɓaranɓarama, ya ce zai matse ƙafafun kafin shayi ya huce. Baba ya ce kada kowa ya taɓa, ɗan da bai san faɗin layin ubansa ba, me zai zo yi a gidan. Ya miƙo min ya ce in yi yadda na so. Yanzu a ciki nake zuba maƙalan shanya.

Na san za ka ce ai ka tambaya. Haka ne, ka bugo min waya shekara biyu da suka wuce, ka tambayi faɗin layin, ka roƙe ni kada Baba ya ji, na ce maka arba'in da biyar. Ba mantuwa na yi ba. Shekara goma sha tara ina durƙushe ina cire ciyawa a tsakanin layin nan, ko a mafarki na san faɗinsa. Ni ke masa wanka, ni ke kwashe masa fo, bai taɓa ɗora wani abu nawa a cinya yana juyawa ba. Abin ya ci min rai, ɗan'uwana, har yau yana ci. Kai ka yi tafiyarka, sai yanzu kake son gyara komai da kwali ɗaya daga gidan waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kana so ka rubuto ka faɗa masa gaskiya, bismilla. Idonsa ba ya karatu yanzu, ni ke buɗe wasiƙunsa, wayarsa kuma tana aljihuna.

Ka gaishe min da Denise, da Hamish, da 'yar auta Isla. Mijina Col yana gaisuwa, haka ma Goggo Beryl.

Yayarka wadda ta zauna,
Noelene