Bayan Wace Sallar, Ranka Ya Daɗe?

Zuwa ga Babban Likitan asibitin unguwarmu,
University Heights, Bronx.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya aiki, ya kuma haƙuri da mu?

Ba zan ambaci sunanka ba, kuma na san hakan ba wani rufin asiri ba ne, domin likitocin da ke jin Hausa a wannan gari ba su da yawan da za a rikita su. Na rubuta a fili ne saboda na gwada sauran hanyoyin. Na bar saƙo wurin sakatariyarka. Na tare ka a wurin suna, muna riƙe da farantan shinkafa, ka yi mini murmushi ka ce Allah ya kai mu. Allah ya kai mu, ranka ya daɗe, ga mu nan mun iso.

Ga masu karatu da ba su san mu ba: ni ƙanwar wata baiwar Allah ce da ke aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wadda ka daɗe kana duba mata hawan jini. Zan kira ta Yaya, kamar yadda na saba. An haifi ɗanta na fari namiji, an yanka rago, an raɗa masa sunan kakanmu. Yau wannan ɗa shekara ashirin ke nan a duniya, kuma ta daɗe da gaya mana cewa ita mace ce, haka take jin kanta tun kafin ta iya faɗi. A nan zan kira ta Samira. Ba sunanta ba ne, ita ta zaɓa don wannan wasiƙa. Ta karanta kafin in saki, ta kuma goge sakin layi biyu, waɗanda a ganina su suka fi daɗi.

Ba fatawa na zo nema ba. Muna da malamai, kuma ba su yi mana rowar ra'ayinsu ba. Ga abin da ya kawo ni.

Na ɗaya. Ka san yarjejeniyar da aka yi, domin a gabanka aka maimaita ta. Samira tana son ta fara shan maganin homon, wanda zai karkata jikinta zuwa na mace. Ta kai shekarun da ba ta bukatar sa hannun kowa, kuma a wannan birni akwai asibitocin da za su karɓe ta ba tare da sun tambayi wace ce uwarta ba. Ba ta je ba. Ta zauna a kicin ɗin Yaya, aka yi kuka, aka yi gaba, aka shirya, aka sake yin kuka. Daga ƙarshe Yaya ta gindaya sharaɗi biyu. Na farko, kafin a haɗiyi ƙwaya ko ɗaya, a ɗebi maniyyi a daskarar a ajiye, tun da an gaya mata maganin na iya kashe haihuwa, kuma ba lallai ta dawo ba. Yadda ta faɗa shi ne, a ajiye mata jikanta tukuna. Na biyu, komai ya bi ta hannunka, domin kai ne likitan da ta yarda da shi, kai ne ka taɓa gano ciwon da asibitin Turawa biyu suka kasa ganowa a jikin mahaifiyarmu. Samira ta ce ta yarda. Abin da ya rage shi ne ka duba jininta, ka rubuta takardar tura ta wurin masu ajiyar da wurin ƙwararren likitan homon, inshora ta bi baya. Aikin da bai kai tsawon gaisuwarmu ba.

Na biyu. Ga yadda aka yi da wannan takarda. Mun fara zuwa ana saura kaɗan a kama azumin bara. Ka ce gwajin jini ba ya faɗin gaskiya a bakin mai azumi, a bari sai bayan Sallah. Muka ga hikima a ciki. Bayan Sallah ka ce kana shirin aikin Hajji, magana mai nauyi irin wannan ba a fara ta a bar ta a hanya. Muka yi maka addu'ar sauka lafiya, har Yaya ta aiko da dambun nama. Ka dawo, aka ɗebi jini, ka ce sinadarin da ake samu daga hasken rana ya yi ƙasa, ka rubuta ƙwayoyi na wata uku. Ranka ya daɗe, wane baƙin mutum ne a Bronx da nasa bai yi ƙasa ba? Da sanyi ya shigo ka ce a bari gari ya yi ɗumi, hankali ya fi kwanciya. Da gari ya yi ɗumi ka ba da shawarar a kai yaron nan gida ya sha iska, ya ga dangi. Sai ga azumi ya sake zagayowa, ka ɗaga kai ka dubi kalandar bango kamar wanda ya ga tsohon aboki.

Na yi karatun jami'a har na gaji, amma ban taɓa ganin manhajar likitanci da ke bin tsayuwar wata haka sau da ƙafa ba.

Kuma kowane zuwa yana da kuɗinsa, ba na aljihu nake nufi ba. Samira tana aikin tura keken guragu da tsofaffi a filin jirgi, ta wajen unguwar Jamaica ta birnin nan. Don ta zauna a bencinka sai ta roƙi musanyen aiki, ta ratsa gari daga wannan ƙarshe zuwa wancan a jirgin ƙasa, ta jira a kira ta da sunan da ba ta son ji, a gaban matan unguwa da suka san ta tun tana goye. Tana shanye wannan duka don ta fito da takarda ɗaya. Sai ta fito da gaisuwa zuwa ga mamanta.

Na uku. Kada a ce ina gaba da jira. Jira iri biyu ne. Akwai wanda yake da dalili da iyaka: a ce jininki na saurin daskarewa, sai mun bincika, a ce ki bar shisha tukuna, a ce ki ga mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ki tabbatar da abin da kike so. Wannan na ƙarshe ta yi shi tun kafin mu zo wurinka, ta daɗe tana yi, rahoton yana cikin fayil ɗinka. Da ka kawo irin wannan dalili, da ni zan fara riƙe mata hannu in ce ta dakata. Shan maganin abu ne da ba a komawa baya gaba ɗaya in an yi nisa, kuma babu mai hankalin da zai so a yi shi da gaggawa. Amma akwai jira na biyu, wanda mu Hausawa muka ƙware a kai. Shi ne wanda ake yi wa mai neman auren da ba a so, ko mai neman rancen da ba za a ba shi ba. Ba a ce masa a'a, wannan rashin kara ne. Sai a ce ya dawo bayan kaka, a ba shi ruwa mai sanyi, a raka shi har ƙofa. Ana fata ya gaji, ko ya manta, ko Allah ya kawo wani abu. Na san wannan jiran, a cikinsa na girma, ni ma na yi wa mutane. A zaure yana da kyau. A ɗakin likita sunansa wani abu daban.

Na huɗu. Kana lissafi kamar lokaci yana tsaye yana jiran ka gama jin nauyi. Ba ya tsaye. Kai ka fi ni sanin cewa jikin ɗan shekara ashirin bai gama aikinsa ba. Gemu yana ƙara kauri. Bara aski ɗaya yana kai ta yini, bana tana ɗauke da reza a jaka, tana shiga banɗakin filin jirgi a tsakiyar aiki. Ta rufe madubin ɗakinta da ɗankwali. Ta daina zuwa cin abinci gidana ranar Lahadi, ita da ba ta taɓa barin miyar kukata ta kwana ba. In na kira ta sai ta ce tana lafiya, Anti, da irin muryar da ke sa in kasa zama, in tashi in hau goge kicin ɗin da na riga na goge. Ba na cewa maganin zai warware mata duniya. Ina cewa mutum yana iya ɗaukar a'a, yana iya ɗaukar to, amma rataya tsakanin biyun tana cin rai.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata abokiyar aikinta da ke sayen irin wannan magani ta intanet, babu likita, babu gwaji, ta kuma yi mata tayi. Samira da bakinta ta gaya mini, ta ce ta ƙi, saboda alkawarin da ta yi wa mamanta. Na tambaye ta har yaushe za ta ci gaba da ƙi. Ta dube ni, ta gyara zaman jakarta.

Ka duba lissafin da kyau, ranka ya daɗe. Na ɗauka kana jan ƙafa ne don tausayin Yaya, kana ganin in an daɗe yaron zai sauya ra'ayi, uwa ta huta. Amma ranar da Samira ta karɓi waɗancan ƙwayoyi a ɓoye, ba a ajiye komai ba, babu mai duba jininta, kuma jikan da Yaya ta roƙa a ajiye mata yana iya tafiya ke nan. Alkawari ya karye, kuma na san 'yar'uwata: za ta iya yafe abubuwa da yawa, ban da a yi mata abu a bayan ido. Wato abin da kake ƙoƙarin karewa, jinkirinka ne zai fara hallaka shi.

Ba ka san irin tafiyar da Yaya ta yi ba kafin ta iso inda take. Samira ɗan farinta ne, don haka kunya ta hana ta kiran sunansa tun ranar suna, abin da ya zame mata sauƙi yanzu, tun da ba sai ta zaɓi suna ba. Ta koma cewa ku: kun ci abinci, kun dawo, ku ɗauki rigar sanyi. Ƙawayenta biyu sun daina amsa wayarta. Ba ta fahimci abin ba, ba ta kuma yi kamar ta fahimta ba. Ta dai yanke cewa ba za ta rasa ɗanta a ƙasar da ba ta da kowa sai shi da ni ba. Duk lokacin da muka dawo daga wurinka tambayarta ɗaya ce, me Dakta ya ce. In muka ce ya ce a jira, sai ta ce to, ai shi ya sani. Amanar da kake kashewa ke nan, kaɗan kaɗan, kamar canji.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Idan akwai dalilin lafiya da ya sa bai kamata ta fara yanzu ba, ka faɗe shi, ka rubuta, ka sa masa iyaka da watan Bature, wanda ba ya jiran a gan shi.

Idan babu, ka rubuta takardar. Ka fara da ta ajiyar ma kawai, wadda ba ta sauya komai a jikin kowa, sauran ya biyo baya a hannun ƙwararru.

Idan kuma zuciyarka ce ba ta yarda ba, saboda addini ko tarbiyya, wallahi ba zan zarge ka ba, kuma ba zan bari a zage ka a gabana ba. Amma ka kira Yaya, ka zaunar da ita, ka ce Hajiya, wannan aiki ba zan iya ba, ga likitan da na amince da shi, ku je da yawuna. Daga bakinka kaɗai za ta karɓa. Kalmar a'a ba ta da tsawo, kuma a halin da muke ciki kyauta ce.

Ina sanar da kai cewa na nema wa Samira ranar ganin likita a wani asibiti, makon da ke bin ƙaramar Sallah. Ni zan raka ta. Abin da ban sani ba shi ne ko mu biyu za mu je ko mu uku, kuma wannan yana hannunka. Da na gaya wa Yaya, ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya ko Dakta ya sani.

Kwanakin baya na je neman zare a akwatinta, sai na tarar da sabon zanen goyo a can ƙasa, da takardar wani shagon unguwar Harlem a jikinsa, ba a ko warware shi ba. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta san na gani ba. Na mayar da shi yadda yake. Matar da ke wanke tsofaffin wasu tun safe har yamma ta saya wa jaririn da babu shi zane, ta ɓoye, tana jiran sa hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya saka maka da alherin da ka yi wa mahaifiyarmu da sauran jama'a, ya karɓi ibadarka a wannan wata. Allah ya ba ka ƙarfin faɗin abin da ke ranka, ko da ba shi muke son ji ba. Ya kai mu Sallah lafiya, wannan da ke tafe nake nufi, ba ta baɗi ba.

Wassalam.

Taka da girmamawa,
Antin Samira,
University Heights, Bronx.